Layin Yaya Ya Koma Nukkai

Mun tashi da asuba daga Gombe ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maigidana, ko shayinsa ban bari ya shanye ba. Yana ɗaura takalmi ina tsaye a kansa da makullin mota, har ya ce wai sai ka ce ni ce zan yi damben. Na ce ya dai tashi. Ku da kuka yi ta tambayata me ya kai ni Jalingo a gurguje, to ga labarin.

Habu, ɗan yayana marigayi, damben zamani yake yi a Legas. Tun bayan rasuwar babansa ya tafi, ba mu sake ganinsa ba sai dai murya a waya. Wannan Asabar ce karon farko da za a nuna wasansa a talabijin, kuma irin wasan nan ne da sai ka biya kuɗinsa shi kaɗai, daban da kuɗin wata. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, tana gidanmu na Kachalla Sembe. Ciwon gwiwa ya hana ta fita, ido kuma ya yi rauni, in ka miƙa mata waya haske kawai take gani. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan samo mata bidiyon daga baya. Sai ta ce, “Ni ba kallo nake so ba. So nake ina ganinsa ina yi masa addu’a a lokacin da ake dukansa. In an gama, addu’ar me zan yi?” Wannan maganar ce ta hana ni sukuni duk makon.

Kuɗin wata na dikodar talabijin ɗinta ni nake biya daga Gombe, ina kwance a kan gadona nake latsa waya a wuce wurin. Amma wannan sabon tsarin ya ce a’a, sai na tsaya a gaban talabijin ɗin da kaina, wani ɗan zane mai kusurwa huɗu ya fito, na haska shi da kyamarar waya, sannan a karɓi kuɗina. A talla kuwa sun nuna wata budurwa tana yi tana dariya, kafin ta ajiye kofin lemo an gama. Ni ma’aikaciyar jinya ce, Juma’a ina bakin aiki, shi ya sa tafiyar ta faɗo ranar wasan. Habu kuma sabon shiga ne, irinsu ake fara sakawa, bayan La’asar kaɗan.

Daga Gombe zuwa Kaltungo hanya ba ta da laifi. Damina ta yi kyau, duwatsu sun yi kore shar, masara ta fi mutum tsawo. A Cham maigidana ya ce sai ya karya, na bar shi ya sayi ƙosai ya ci yana tuƙi. Mun tsaya shan mai, da na ji farashin sai na tambayi mai zubawar ko da zuma aka haɗa shi. Bai yi dariya ba, da alama ya gaji da jin irinta. A gadar Numan na leƙa Binuwai, ya cika ya batse, masu kwalekwale ƙanana ƙanana a can ƙasa.

Daga Numan ne tafiya ta zama aiki. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Rami na bin rami, ruwa ya kwanta a cikinsu, ba ka sanin zurfin kowanne sai tayarka ta gaya maka. A wani wuri tirela ta kafe a laka ta tare rabin hanya, muka jeru kamar masu jiran awo. Sabis na zuwa yana tafiya. Duk inda ya dawo sai kiran Dada ya shigo, tambaya ɗaya: “Kun kai ina?” A mararrabar da ake ratsewa zuwa Lau mata suka yi caa a kan motar da tiren busasshen kifi. Na saba tsayawa in yi ciniki har sai mai kifi ta rantse da iyayenta, amma ran nan abin da ta faɗa na ba ta. Maigidana ya dube ni ya ce lallai yau ba lafiya ba.

Bayan Azahar muka shiga Jalingo, gari ya ɗau zafi, keke mai ƙafa uku ta ko’ina kamar an zazzage su daga buhu. Da na shiga ɗakin Dada sai na tarar ta shirya tsaf. Ta yi wanka ta sa atamfarta ta Sallah, ta fesa turare, an jawo mata gado har dab da talabijin. Maƙwabcinmu ya aro mata janareta ya cika shi da mai saboda wutar gari ba abar yarda ba ce. Carbinta na hannu. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce in kunna.

Na kunna, na buɗe manhajar. Komai da Turanci, rubutun ƙanana, maɓallin da kake nema yana ɓoye a bayan wani maɓallin. Zanen ya fito, na haska, na biya, kuɗi suka fita nan take, a nan kam ba su da nawa. Har na fara murmushi. Sai talabijin ya rubuta cewa an tura lambar sirri zuwa layin da aka yi wa dikodar rajista, a danna ta da rimot. A ƙasa ya nuno ƙarshen lambar wayar. Ina gani na gane, don lambar na san ta kamar sunana. Layin Yaya ne. Shi ya saya wa Dada dish ɗin, faifan kama tashoshi, da ransa, da lambarsa aka yi rajista, mu kuwa ba wanda ya taɓa tunawa, tunda kuɗin wata bai taɓa neman wata lambar sirri ba. Wayarsa tana cikin akwati tun ranar da aka kai shi. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba kuwa kamfani kwashewa yake ya sayar wa wani.

Na kira lambar taimako. Wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna, ta ce in danna uku, na danna, aka sa min kiɗa. Da ƙyar wata yarinya ta ɗauka, da ladabinta, ta ce ba a canja lamba sai mai dikodar ya zo ofis da katin shaidarsa. Na ce mata mai dikodar yana maƙabarta. Ta yi min ta’aziyya, ta ce to in kawo takardar rasuwa ranar Litinin. Litinin! Na leƙa gidan kallon unguwa ko za a ɗauki Dada a kujera, suka ce su ƙwallo za su nuna, ba mai sauya musu tasha. Maigidana ya kira wani mai sayar da dikoda, ya ce akwai sabuwa, amma ba zai yi alkawarin za a buɗe ta a yau ba.

Saura hanya ɗaya: a kira layin. Ban taɓa goge lambar daga wayata ba, kuma ban taɓa kiranta ba. Na danna, “Yaya” ya fito a fuskar waya, kiran yana shiga. Mace ce ta ɗauka, ana jin ƙarar suya a bayanta. Na gaishe ta, na ce, “Don Allah baiwar Allah, an turo miki wata lamba yanzu bisa kuskure, ki taimaka ki karanto min.” Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Kalma a kan kalma, maganar ’yan damfara ce, irin wadda ni da kaina nake gargaɗin marasa lafiya a kanta. Matar ta ce, “Kai, ɓarawo! Allah zai kama ka!” Ta kashe, ta toshe ni. Maigidana ya ce in ba shi wuri, mata ba su iya bayani ba. Ya gyara murya irin ta manyan ofis ya kira. Shi ko gaisuwarsa ba ta ƙare ba aka toshe shi. Da ba a cikin tashin hankali nake ba da na yi masa dariya har da hawaye.

Ana duk wannan abin Dada ta juya fuskarta bango. Na zauna a bakin gado, sai dabara ta zo. Na duba lambar a manhajar hira, sai ga hoto: mace a tsaye gaban kaskon suya, bayanta allo an rubuta “Maman Rahila, doya da kifi, gadar Nukkai”. A cikin garin nan take! Na ce wa maigidana ya zauna da rimot kada ya taɓa komai, ni zan hau keke, ya fi mota kutsawa. Ina ɗaukar mayafi Dada ta miƙo min ’yar wayarta mai maɓalli, ba ta kalle ni ba, ta ce, “Tafi da tawa. Ita za ta ɗauka.” Ban tsaya tambayar ta yaya ta san haka ba. Na dai ƙudurta ba zan kira da ita a hanya ba, don in aka toshe wannan ma, shi ke nan.

Ban taɓa ganin nisan Nukkai ba sai ran nan. Mai keken dattijo ne mai tsoron Allah da tsoron rami, kowanne sai ya rage gudu ya gaishe shi. Wajen kasuwa muka tarar da cunkoso, motar doya tana sauke kaya a tsakiyar titi. Muna nan tsaye aka kira La’asar. Na ɗaga kai, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, kuma kowa ya san dish da ruwan sama ba sa shiri. Na ce, “Baba, don girman Allah ka taka.” Ya ce, “Hajiya, gaggawa ba na kai mutum.” Na mayar da idona kan hadarin.

Masu suya sun fi biyar a bakin gadar, amma allon ya nuna min ita. Doguwa ce kakkaura, ta ɗaura atamfa a kan riga, matsamin suya a hannu. Na yi sallama na ce ni ce na kira ɗazu. Kai, ashe ban san abin da na taro ba. Ta ɗaga murya ta ce, “Jama’a ku zo! Ɓarawon waya ya biyo ni har shago!” Kafin in ce wani abu an kewaye ni, masu keke, masu wankin mota, masu cin doya da cokali a hannu. Wani ya ce a karɓe wayar, wani ya ce ai yanzu da hijabi suke yawo. Na ciro katin aikina, ba wanda ya kalla. Tana ta faɗa da Hausarta ta Jalingo cewa haka aka yi wa ƙanwarta, aka kira ta da murya mai daɗi, ta karanta lamba, aka share duk abin da ta tara na shago. Na ji tsoro sosai. Kuma abin haushin, gaskiyarta ce. Ni ma da haka zan yi.

Ban san abin da zan nuna musu ba, sai na ciro wayar Dada. Na ce, “Ki duba sunan da aka ajiye lambarki da shi a wayar tsohuwar nan. Sunan ɗanta ne, ya rasu, layinsa kika saya.” Don ta tabbatar sai na danna kira. Waya ta yi ƙara a aljihunta. Ta ciro a fusace ta duba, sai na ga matsamin ya sauko a hankali. Ta ce, “Wayan wane ne wannan?” Na ce ta mahaifiyata ce. Ta juyo min da fuskar wayarta. Sunan da ta ajiye lambar Dada da shi shi ne “Mama Shiru”.

Ta ce tun da ta sayi layin, duk Juma’a wannan lambar sai ta kira. In ta ɗauka ba a magana, sai numfashi, wani lokaci da ƙarar carbi. Da farko zagi take yi. Daga baya ta gane numfashin tsohuwa ne, ta daina. Yanzu in kiran ya shigo sai ta ce, “Sannu Mama, muna lafiya,” ta ajiye wayar a gefen kasko ta ci gaba da suya har a kashe. Ina tsaye a tsakiyar mutane hawaye suka zubo min. Shekara da shekaru ina kiran Dada kullum, ban taɓa sani ba.

Maman Rahila ta kori jama’a da hannu, ta bar wa maƙwabciyarta kasko. Ta ce min, “Lamba kam ba zan faɗa wa kowa ba, ko kai. Ni zan je in danna da hannuna.” Na ce wallahi hakan ya fi min. Ta zaɓo wani matashin mai keke da ta sani, ta ce masa ya tashi sama. Wannan kam bai gaishe da rami ko ɗaya ba. Muna hanya yayyafi ya fara, ina riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan ina amsa kiran maigidana da ke cewa Habu ya turo saƙo su ne na gaba.

Muka faɗa ɗakin a jiƙe. Lambar farko ta riga ta mutu, sai da na nemi wata. Sabuwar ta shigo wayar Maman Rahila, ita kuwa ta karɓi rimot, ta kare fuskar wayar da tafin hannu har da ni, tana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Talabijin ya ce a jira. Wata ’yar da’ira ta yi ta juyawa, ruwa na ƙara ƙarfi a kan kwano. Sai hoto ya buɗe.

An riga an fara. Habu na cikin fili da jan wando, ya yi faɗi, ya zama babansa sak, gira ɗaya ta fashe tana jini. Dada ta matso har goshinta na neman taɓa gilashin, ta ce, “Wanne ne nawa?” Maman Rahila ce ta kama yatsanta ta ɗora a kan jan wandon, ta yi ta bin sa da shi duk inda ya yi. Dada ta ɗaga ɗaya hannun, bakinta na motsi. Can abokin karawar ya sauke masa wani naushi, Habu ya zube. Na rufe ido. Alƙali na ƙirge, hoton ya fara yayyagewa saboda ruwa, sai na ji muryar Dada, ba da ƙarfi ba: “Tashi, Habu. Ina nan.” Da na buɗe ido yana kan gwiwa ɗaya, ya kama igiya, ya miƙe. Ihun da Maman Rahila ta yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Bai ci wasan ba. Da maki aka kayar da shi, amma a tsaye ya gama. Ana ɗaga hannun ɗayan ruwa ya ɗauke hoton gaba ɗaya, ba wanda ya damu. Dada ta shafa addu’a, sannan ta lalubo hannun baƙuwar ta riƙe. Ta ce, “Ke ce.” Maman Rahila ta ce, “Ni ne, Mama.” Dada ta ce, “Ki yafe min damun da nake yi miki. Na san ba shi ba ne. Ƙarar shigar kiran nake so in ji, kafin ki ɗauka.” Maigidana ya tashi ya fita wai zai duba janareta.

Washegari muka kamo hanya da tsarabar doya da Maman Rahila ta aiko, ta ƙi karɓar ko kuɗin keke. Tirelar nan tana nan inda muka bar ta. Kafin mu fito maigidana ya ce zai sa a kai takarda ofis ranar Litinin a mayar da rajistar kan lambata, kada a sake irin wannan. Dada ta ce a bar ta yadda take. Ya fara bayani, na taka masa ƙafa.

Mun iso Gombe lafiya, bayana kamar an yi min duka. Abin da na koyo, masu ƙera waɗannan abubuwan suna zaton mutum ɗaya ne da layinsa da akwatinsa da idonsa garau. A gidajenmu kuwa wani ne ya saya, wata ke biya daga wani gari, tsohuwa ke kallo, mai rajistar ma ya riga mu gidan gaskiya. Ku duba da lambar wa aka yi wa kayan iyayenku rajista tun kafin ranar buƙata. Kuma duk wanda ya kira ku ya ce ku karanto masa lamba, ku yi masa irin ta Maman Rahila, ko da ni ce.

Jiya Juma’a na kira Dada bayan an sauko daga masallaci, aka ce tana kan wani kiran. Na jira na sake, har yanzu. Da na samu shiga na ce, “Dada, da wa kike ta magana haka?” Ta ce, “Da ’yata ta Nukkai. Wai doya ta yi tsada.”